Kogin Haɗeja a Cikin Aji: Koyar da Nazarin Zamantakewa a Ƙananan Sakandarenmu



Da kwamitin shirya taro ya aiko cewa a bana za a ba tsofaffin malamai dama su ce wani abu game da ilimi, mun san abin da galibi ake sa ran ji daga bakinmu: rufin ajin da iska ta yaye, kujerun zama, katangar makaranta, kuɗin jarrabawa. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma kunnuwanku sun saba da su. Yau cikin ajin muke so mu shiga da ku, mu tsaya a kan darasi guda ɗaya tak, wanda iyaye ba su cika tambayar sakamakonsa ba. Idan yaro ya kawo takardar sakamako gida, idon uba a kan Lissafi da Turanci yake fara sauka, sannan Kimiyya. Darasin Nazarin Zamantakewa kuwa, wanda yara ke kira soshiyal, ba a ko waiwayarsa, domin an ɗauka kowa yana cin sa. Alhali a cikin dukan darussan ƙaramar sakandare shi ne aka ɗora wa nauyin sanar da yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 ko shi wane ne, a ina yake zaune, da su wa yake zaune, me ya sa garinsu yake yadda yake, mene ne haƙƙinsa, mene ne kuma haƙƙin da ke kansa. Maganar da muka zo da ita ita ce, babban littafin wannan darasi yana nan shimfiɗe a ƙasar Haɗeja, amma ana koyar da shi tamkar yaranmu a wata duniya suke zaune.

Bari mu ɗan koma baya, domin wasu daga cikin manyanmu da ke zaune a nan ba su yi darasin da wannan suna ba. A zamaninsu Tarihi daban yake, Labarin Ƙasa daban, ga kuma ɗan abin da ake koyarwa na tsarin mulki. Kukan da masana suka riƙa yi bayan samun 'yancin kai a 1960 shi ne, ɗan makarantar Nijeriya yana iya zana kogunan Ingila, yana iya ba da labarin Mungo Park da yadda ya halaka a Busa, amma bai san inda ruwan da yake wanka a ciki ya fito ba. A makarantar sakandare ta Ayetoro, cikin Jihar Ogun ta yanzu, wadda aka buɗe a 1963, aka gwada haɗa waɗannan darussa wuri ɗaya, da taimakon malamai daga Amurka. A 1968 wasu ƙasashen Afirka suka yi taro a Mombasa ta ƙasar Kenya, suka amince su rungumi darasin. A 1969 kuma aka yi babban taron manhajar karatu na ƙasa a Legas. Ku lura da wannan shekara da kyau, domin ana tsakiyar yaƙin basasa ne. Waɗanda suka zauna a taron suna kallon ƙasa tana neman tsagewa a gaban idonsu, saboda haka abin da suke nema shi ne karatun da zai sa ɗan Haɗeja ya san cewa ɗan Anaca mutum ne irinsa, mai uwa da uba da gona da kasuwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tabbatar da darasin, da jihohi suka fara tsarin 6-3-3-4 daga 1982 kuwa sai ya zama wajibi ga kowane ɗalibin ƙaramar sakandare.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a shekarun UPE, wato daga 1976 zuwa gaba, mun tarar da darasin sabo fil, malamanmu suna ɗokinsa. Ƙa'idar da suka dasa mana guda ɗaya ce, kuma har gobe ba ta tsufa ba: a fara daga abin da yaro ya sani, a kai shi ga abin da bai sani ba. Daga gida zuwa unguwa, daga unguwa zuwa gari, sannan jiha, sannan ƙasa, sannan duniya, kamar yadda ruwan kududdufi ke yin zobe yana faɗaɗa idan an jefa masa tsakuwa. Ɗalibin malanta da ya je gwajin koyarwa hannu rabbana, babu ko taswirar da ya zana a bayan kwali, ya san tun kafin ya buɗe baki mai duba shi ya gama da shi.

Tun daga wancan lokaci manhajar ta sha sauyi, har malami yakan rasa sunan da darasinsa yake amsawa a bana. Da aka fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 a 2007, Tarihi bai sami gurbin kansa ba, aka bar wa soshiyal ɗaukar abin da zai iya. A gyaran 2012 aka tura soshiyal da ilimin zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro da darussan addini ƙarƙashin inuwa ɗaya, a 2017 aka sake ware na addini bayan an yi ta ƙorafi. A 2022 aka yi bikin dawo da Tarihi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da wata sabuwar manhaja, wadda ta rage yawan darussa, ta haɗa soshiyal da ilimin zama ɗan ƙasa, ta kuma wajabta Tarihin Nijeriya. Wannan duk aikin Abuja ne, ba shi ya tara mu ba. Abin da ya dame mu shi ne suna yana ta canzawa, abin da ke faruwa cikin minti 40 na darasi yana nan yadda yake.

Ga yadda yake. Malami ya shigo, ya juya wa yara baya, ya cika allo da Turanci: ma'anar iyali, ire-iren iyali guda biyu, amfanin iyali guda biyar. Yara su kwafa, masu saurin hannu su gama, sauran su ari littafi. A kaɗa ƙararrawa. Yarinyar da ta taso a gidan gandu, ga kaka, ga baffanni da matansu, ga 'yan'uwa fiye da ashirin suna cin tuwo daga tukunya ɗaya, za ta haddace cewa iyali iri biyu ne, ƙarami da babba, ta rubuta a jarrabawa ta ci, ba tare da ta taɓa gane cewa na biyun gidansu ake nufi ba. Ba wanda ya tambaye ta wa yake buɗe rumbu a gidansu, wa yake yanke maganar aure, me ya sami gandun maƙwabtansu da maigidan ya rasu, me ya sa yayyenta da suka tafi birni ba sa gina ɗaki a cikin gida kamar yadda iyayensu suka yi. Waɗannan tambayoyi kuwa su ne darasin. Abin da ke kan allo sunayensu ne kawai.

To, mu ɗauki kogi, tunda babu ɗan ƙasar nan da bai san shi ba. Akwai babi a manhaja game da mutum da muhallinsa. A ce malamin aji ɗaya ya shigo da tambaya guda: ruwan nan da ke wucewa ta bayan gari, daga ina ya fito, ina kuma za shi? Kogin Kano da kogin Calawa ne suke haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya biyo ta Ringim ya iso mana, ya bazu cikin fadamun Kiri Kasamma da Guri har zuwa Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa, daga nan ya zama Komadugu Yobe, wanda a can gaba shi ne iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, har ya faɗa Tafkin Cadi. Da layi ɗaya a kan allo yaro ya ratsa Kano da Jigawa da Yobe da Barno, ya leƙa Bauci da tsaunukan Jos inda ruwan Jama'are ya samo asali, ya taɓa ƙasashen maƙwabta. Bai haddace komai ba tukuna, amma taswirar ta zauna masa a kai, domin daga bakin ruwan da yake kai wanki ta fara.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi: shin kogin haka yake tun fil azal? A nan sai malami ya kama bakinsa, ya tura yara gida, kowa ya tambayi dattijo ko dattijuwa guda. Abin da za su dawo da shi mun san shi. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kogin mai lokaci ne. Da damina ya cika ya malale fadama, da rani ya janye ya bar laka mai taki da tafkuna cike da kifi. Manomi ya shuka shinkafarsa ta tashi tare da ruwa, masunci ya shiga da komarsa da gorarsa lokacin da ruwa ke ja da baya, mai noman rani ya bi damshin da aka bari, makiyayi ya iso da garkensa bayan an kwashe amfani. Fili ɗaya, sana'a huɗu, kowa da watanninsa. Da aka tsare ruwa a Tiga, sannan a Calawa a 1992, sai malalar shekara-shekara ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani, a hanyoyin da a da suke bushewa ƙayau. Irin wannan ruwa marar zurfi, wanda ba ya ƙafewa, shi kacalla take so. Ta kama, ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka da yashi suka taru a gindinta. Ruwa kuwa ba ya tsayawa neman izini: in an toshe masa nan sai ya karkata can. Shi ya sa za ka ga wani ƙauye gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, wani kuma da ke ƙasa da shi yana kukan ruwa ya daina zuwa. A cikin kacallar nan tsuntsayen jan-baki suke kwana, da safe su sauka a kan shinkafa. Idan kuma aka sami shekara mai ruwan sama da yawa, kamar 2020 da 2022, ruwan ya zo ya tarar da hanyoyinsa a cushe, to kun dai san sauran labarin, domin da yawanku kun aiko da gudummawa, wasunku kuma kun zo da kanku an yi ta cika buhuna ana ƙarfafa jinga da dare.

Malami mai adalci ba zai tsaya a nan ba, don kada yara su tashi da zaton madatsar ruwa mugun abu ce. Ruwan Tiga ne ya raya noman rani na Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafa da alkama ke fitowa, birnin Kano kuma yana sha daga waɗannan koguna. Mu ma a nan, aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo, wanda aka ƙaddamar a 2023, da ruwan da aka tsare yake rayuwa. Ashe ke nan shawara ɗaya takan amfani wasu ta cuci wasu, takan ma amfani mutum ta wani gefe ta cuce shi ta wani. To wa yake yanke shawarar ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saka? Yaro zai ji sunan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya ji cewa ta Gwamnatin Tarayya ce. Wa yake gina jinga, wa yake yashe hanyar ruwa, wa yake kawo agaji? Ga matakan gwamnati uku nan sun fito da kansu, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ba tare da an rubuta su a allo a ce a haddace ba. A mako na uku a fita da yara bakin kogi su ga kacalla da idonsu, su zana abin da suka gani. A mako na huɗu kowa ya rubuta wa kansilan mazaɓarsu wasiƙa, cikin ladabi, ya faɗi matsala guda da abin da yake ganin za a yi. Wata guda ke nan, kuma ban da alli da kwali babu abin da aka kashe.

Kafin mu bar bakin ruwa, akwai tsuntsayen Baturiya. Duk hunturu agwagin ruwa da wasu tsuntsaye sukan ƙetaro hamada daga Turai su sauka a dausayinmu, su koma idan zafi ya gabato. A shekarar 2000 aka sanya wani ɓangare na dausayin, wajen tafkin Nguru da mashigar Marma, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, Baturiya kuma ta bi baya a 2008. Masana sukan taso daga nesa don su ƙirga tsuntsayen nan. Yaron da ke tafiyar sa'a ɗaya daga wurin yana koyon ma'anar yawon buɗe ido daga hoton da ke cikin littafi.

Babin sufuri ma haka yake, sai dai ba za mu daɗe a kansa ba. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 bai bi ta cikin birnin Haɗeja ba, ta Malam Madori da Birniwa ya bi. A tambayi yara: me ya sa Malam Madori ta bunƙasa, me gyaɗa ta yi a ciki, su wane ne baƙin da jirgi ya kawo suka zauna, me kuma ya faru da garin da zirga-zirgar jirgi ta ja baya, manyan motoci suka karɓi kaya? Tashar tana nan, ana iya zuwa a tsaya a gabanta.

Inda abin ya fi ba mu takaici shi ne babin al'adu da haɗin kan ƙasa. Littattafan da ake sayarwa, waɗanda galibi a nesa da mu aka rubuta su, sukan kawo hoton Bahaushe da babbar riga, Bayarabe da tasa, Ibo da tasa, a ce ga al'adun Nijeriya. Malami ya karanta, ya wuce. Alhali a kan bencin da ke gabansa ga ɗan Hausawa, ga ɗan Fulani, ga ɗan Mangawa, ga ɗan Badawa, wataƙila har da ɗan Ngizimawa, ga kuma 'yar wani ɗan kasuwa daga kudu wadda aka haifa a nan, Hausarta ta fi ta malamin daɗi. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan, Auyo, Birniwa, Guri, Haɗeja, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, ƙaramar Nijeriya ce ga mai ido. A ce kowane yaro ya kawo yadda ake gaisuwar safe da harshen kakanninsa, da yadda ake raɗin suna a gidansu. A tambaye su me ya sa Bafulatani da Babarbare suke yi wa juna ba'a mai zafi a bainar jama'a kuma ba a taɓa jin an kai ƙara ba, wane aiki wannan wasa yake yi wa zaman tare. Sannan a gaya musu cewa a ƙasar nan an yi wani harshe, na Auyokawa, wanda yau babu mai magana da shi, a bar su su yi tunanin yadda harshe yake mutuwa, da kuma ko akwai wanda ke kan wannan hanya a cikin waɗanda suka kawo.

Tarihi ya koma darasi mai zaman kansa, mun yi murna, amma malamin soshiyal ba zai iya rabuwa da shi ba, domin ba a bayanin shugabanci a sarari babu misali. Yaranmu su san cewa kafin jihadi ƙasar nan ƙananan masarautu ce, irin su Auyo da Haɗeja da Garun Gabas, masu kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke Nguru, kuma Garun Gabas ɗin nan ita ce Biram da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai. Su san Sarki Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a birnin nan. Su san Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya rasu a 1863 a yaƙin ƙasar Bade. A kan Buhari musamman muna da ra'ayi: kada a ɓoye wa yara cewa mutane sun saɓa a kansa. Wasu jarumtakarsa suke tunawa, wasu kuma, musamman a garuruwan da dawakinsa suka taka, wahalar da aka sha suke tunawa. Ɗan shekara 14 yana iya jin duka biyun, ya auna, kuma ranar da ya fara aunawa ranar ya fara zama ɗan ƙasa. Su san kuma cewa Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, amma sai a watan Afrilu na 1906 sojojinsu suka auka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu da jama'arsa masu yawa suka rasu a ranar, abin da ya sa ake kiran sa Mai Shahada. Unguwannin da aka yi wannan gumurzu yaranmu suna ratsa su kullum a hanyar makaranta.

Akwai babin rikici da sasantawa, wanda malamai da yawa sukan bi ta gefensa da sauri don tsoron abin da zai taso. Muna ganin a nan ne ya fi kamata a zauna. Ba mu da buƙatar aro misali daga wata ƙasa, saɓanin manoma da makiyaya a yankin fadama ya ishe mu, kuma yaran da ke cikin aji wasunsu sun ga abin da idonsu. Hanyar da muka ga tana aiki ita ce a mai da aji zauren sulhu. A naɗa mai gari, a naɗa arɗo, a naɗa manomin da aka ci wa gona da makiyayin da ya tarar an nome burtali an kewaye mashaya. Sharaɗi biyu ne: ba a ambaton sunan wani gida ko wani ƙauye na gaske, kuma ɗan manomi shi zai tsaya a matsayin makiyayi, ɗan makiyayi ya kare manomi. Za ku yi mamakin yadda yaro yake yin shiru idan aka ce ya nemo wa abokin hamayyar ubansa hujja, sannan ya fara magana a hankali. Daga nan malami ya mai da su ga darasin kogi, su gano da kansu cewa filin da a da ake shiga bi da bi, yanzu noman rani ya sa ana buƙatarsa lokaci guda.

Kada a ce mun ɗora wa malamai laifi duka. Mun san halin da suke ciki. A makarantu da yawa soshiyal shi ne darasin da ake miƙa wa duk wanda jadawalinsa bai cika ba, wai kowa zai iya, alhali kwalejojin ilimi suna yaye waɗanda suka karanci fannin musamman. Mun ga aji mai yara fiye da ɗari, wanda fita da shi bakin kogi sai an raba shi uku, an sami manya masu tsaro, an kuma nemi yardar iyaye, musamman na 'yan mata. Mun ga makarantar da babu taswirar Nijeriya ko ɗaya a bangonta, balle ta Jigawa, jihar da aka ƙirƙira tun 1991. Ga kuma maganar harshe. Da Turanci ake koyarwa a sakandare, da shi ake jarrabawa, a watan Nuwamba na 2025 ma Ministan Ilimi ya sanar da soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa a firamare. Ko me mutum yake gani game da wannan, abu ɗaya a fili yake: tambayar da yaro zai yi wa kakarsa game da kogi da Hausa ko Fulatanci ko Badanci zai yi ta. Ya kawo amsar, a tattauna, sannan a taimake shi ya zuba ta cikin Turanci. Turancin da aka rubuta a kan abin da aka sani ya fi wanda aka kwafa daga allo tsawon rai.

Wani zai ce, to jarrabawar kammala aji uku fa, wadda ma'anoni da jerin abubuwa take tambaya? Amsarmu ita ce yaron da ya tsaya a kan jinga ya ga inda ruwa ya karya ba ya manta abubuwan da ke haddasa ambaliya, wanda ya haddace kuwa yakan manta na uku a ɗakin jarrabawa. Bayan haka, makin aikin aji na kowane zango a hannun malami yake, yana da ikon ba da shi a kan taswira da wasiƙa da rahoton hira da dattijo.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa mazauna birane, kuma ku yi mana haƙuri da abin da za mu faɗa. 'Ya'yanku ma suna yin wannan darasi a makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna da Legas, littattafansu sun fi na yaran gida kyau nesa ba kusa ba. Amma ku gwada tambayar su yau da dare: ƙananan hukumomi nawa ne a masarautarsu, wane kogi ne ya ratsa ta, me kakansu yake nomawa. Ranar da za a nemi gurbin jami'a ko aikin gwamnati, a nan za a zo karɓar takardar shaidar asali, yaro ya sa hannu a kan sunan garin da bai taɓa kwana uku a jere a cikinsa ba. Hutun ƙarshen shekara mako biyu ne ko uku. Ku ba mu ɗaya daga ciki.

Abin da muke roƙon ƙungiya kuwa bai kai kuɗin ginin aji ɗaya ba. Muna son ɗan ƙaramin littafi a kan ƙasar Haɗeja, shafi ɗaya Hausa, na kusa da shi Turanci, da taswirar kogi da ta masarauta, a jera babobinsa daidai da manhajar ƙaramar sakandare yadda malami zai ɗauka ya yi aiki da shi kai tsaye. Masu rubuta shi suna cikin ɗakin nan: akwai injiniyoyin ruwa, akwai malaman tarihi na jami'a, akwai likitocin dabbobi, akwai waɗanda suka yi aikin gona har suka yi ritaya. Ba sabon abu ba ne, tun a shekarun 1930 aka buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu don 'yan makaranta su karanta tarihin ƙasarsu da harshensu. A bi da littafin ta hannun hukumomin ilimi na jiha tun daga farko, don kada shugaban makaranta ya ji tsoron karɓa. A buga taswirar da girma, a liƙa a bangon kowace ƙaramar sakandare. Mu tsofaffin malamai mun ɗauki nauyin zama da malaman soshiyal na yini guda a kowane zango, ba ma neman ko sisi, in dai za a kawo su a ciyar da su. Sai kuma dattawan da suka san kogin kafin 1974, masunta da manoma da makiyaya da matan da suka yi sana'ar bandar kifi. Mafi ƙanƙantarsu ya ba sittin baya. Wayar da ke aljihun kowannenku tana iya ɗaukar muryarsu, kuma wannan aiki ba ya jiran zaman kwamiti.

Game da fita da yara kuwa, lokacinta daga Disamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya janye, hanyoyin fadama suka bushe, tsuntsaye kuma suna Baturiya. Idan ana so a fara a zango na biyu, to kuɗin man mota da takardun neman yardar iyaye su kasance a hannun shugabannin makarantu kafin a tafi hutun zango na farko.